Ɗakin Gwaggo Ne Na Ƙarshe

Yaya ta dawo gidan mahaifinsu ne bayan an sallame ta daga otal ɗin da ta yi shekara ashirin da wani abu tana shugabantar masu gyaran ɗakuna. Wasu ne suka sayi otal ɗin, suka zo da mutanensu, suka ba ta agogon bango na godiya, suka karɓe makullin gidan ma'aikatan da take zaune a ciki. Aurenta ya daɗe da mutuwa, ba ta kuma taɓa haihuwa ba, don haka ta ɗauko akwatunanta biyu ta nufo gidan da aka haife ta.

A gidan akwai ƙaninta Auta, mai gyaran wutar mota, da matarsa wadda har yanzu ake ce wa Amarya ko da yake 'ya'yanta uku. Sai kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta tare a gidan tun rasuwar uwarsu, lokacin Yaya tana ƙaramar yarinya, Auta kuwa ko zama bai fara ba. Ita ta raine su su uku, da Yaya da Auta da na tsakiyarsu Dogo, wanda yanzu yake aiki a wani gari. Uban ya rasu shekarun baya, ya bar Gwaggo a ɗakin ƙurya, ɗaki mafi girma a gidan, mai taga biyu.

Kada a ce Gwaggo tsohuwar kirki ce mai sanyin baki. Ba haka take ba. Idan Amarya ta kai mata abinci sai ta ɗanɗana ta ture, ta ce ko a asibiti an fi haka sa gishiri. Idan yara suka gifta ta ƙofarta da gudu, mafici ne zai bi su. Tun zuwan Amarya gidan ba ta taɓa jin Gwaggo ta ce mata sannu da aiki ba, sai dai raguwa, sai mai hannun jarirai.

Ranar da Yaya ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta shiga kicin. Ta miƙa hannu ta shafo saman firij da ɗan yatsa, ta juyo ta nuna wa Amarya.

"A nan kuke dafa abin da kuke ci?"

Amarya ta yi dariyar kunya ta ce, "Yaya, yara ne, ga ɗinki, abin ya yi min yawa."

"Ba yara ba ne, rashin tsari ne," in ji Yaya. "Ni na riƙe bene mai hawa shida, ko gashi ɗaya baƙo bai taɓa tsinta a kan matashi ba."

Da yamma ta tara su a falo kamar yadda take tara ma'aikatanta. Ta ce ita ba ta aiki babu manufa. Kowane mako wuri ɗaya za a gama, ba za a taɓa na gaba ba sai an rufe na baya. Kicin da farko, sai sito, sai falo, sai tsakar gida. Ta sa an kawo manyan kwalaye uku, ɗaya na abin da za a ajiye, ɗaya na kyauta, ɗaya na bola. Doka ɗaya ce tak, duk abin da aka shekara ba a taɓa ba, ba na gidan nan ba ne.

Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa da magenta a cinya, ta ce, "To ni da na fi shekara ba wanda ya taɓa ni, wane kwalin zan shiga?"

Auta ya fashe da dariya, Amarya ta rufe baki da gefen zani. Yaya ba ta yi dariya ba.

"Ɗakinki ne na ƙarshe, Gwaggo. Kina da lokaci."

Da farko Amarya ta tsani abin. Yaya ta sa ta durƙusa ta kankare maiƙon bayan murhu da wuƙa, ta sa ta sake wanke tukwanen da ta riga ta wanke, tana tsaye a kanta tana ɗaga kowacce ta kalli gindinta a haske. Amma da makon ya ƙare kicin ɗin ya zama wani abu dabam. Kowane cokali da wurinsa, kyankyasai sun ɓace, har mutum yana jin ƙamshin sabulu tun daga ƙofa. Yaya ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ashe kina da hannu, ba a dai koya miki ba ne." Amarya ta yi kwana biyu tana jin daɗin wannan maganar.

Sito ya fi wuya, domin kayan marigayi ne a ciki. Kekensa, da rediyoyinsa da suka daina magana, da kujerar da yake kishingiɗa a kai, da takalmansa a jere. Auta ya dawo daga gareji ya tarar da mai sayen tsofaffin ƙarafa yana ɗora keken a kan kurarsa.

"Haba Yaya, keken Baba ne fa. A kansa yake kai ni makaranta."

"Ka hau shi bana?"

"A'a, amma..."

"Bara fa?"

Auta ya kawar da kai. Mutum ne da ke iya kwana a ƙarƙashin mota yana neman waya ɗaya da ta tsinke, amma bai taɓa iya kallon idon yayarsa ya ce a'a ba. Ya cire ƙararrawar keken a ɓoye ya sa a aljihu. Da Yaya ta ji ƙararta a wandonsa wajen wanki, ita ma ta bi sauran.

Kowane wuri sai Yaya ta ɗauki hotonsa kafin a gyara da bayan an gyara, ta tura zauren 'yan uwa na waya. Yabo ya yi ta zuwa. Matar Dogo ta ce don Allah Yaya ta zo ta yi musu nasu. Wata 'yar kawunsu ta ce ai gidan ya koma otal. Yaya takan zauna da wayar a hannu tana karantawa, fuskarta na sakewa, kamar wadda aka mayar wa aikinta.

A makon tsakar gida aka sare bishiyar gwaibar da Gwaggo ta shuka, saboda ganye. Gwaggo ta fito da sanda tana zagin mai saran, ta zagi ubansa da uban wanda ya aiko shi, Yaya ta ce masa ya ci gaba, tsufa ne. Kashegari Yaya ta ce magen Gwaggo tana zubar da gashi a kujerun falo. Ta jira Gwaggo ta shiga wanka, ta jefa magen a buhu, ta miƙa wa mai kwasar shara ta ce ya sake ta can nesa, inda ba za ta gane hanya ba. Amarya tana tsaye tana shanya, ta gani. Da Gwaggo ta fito tana kiran magen lungu-lungu, ta tambayi Amarya ko ta gan ta, Amarya ta ce ita tun safe ba ta lura ba.

Akwai dalilin shirun. Amarya tana ɗinka kayan makaranta ne a kusurwar ɗakin kwanansu, keken ɗinkin a matse tsakanin gado da bango, yara uku a ƙasa, fitila a kunne ko da rana tsaka. Wata rana suna ninke labule Yaya ta ce mata, kamar maganar wucewa, "Ɗaki mai taga biyu, ga haske ga iska. Tsohuwa ɗaya me za ta yi da shi? Da keken ɗinki ne a wurin, da kin ga aiki." Amarya ta ci gaba da ninke labulen. Amma daga ranar, duk sanda ta kai wa Gwaggo shayi sai ta tsinci idonta yana auna bango, nan teburin yanka, can igiyar rataye riguna.

Ana saura kwana kaɗan a shiga ɗakin ƙurya, Yaya ta leƙa da rana ta tarar Gwaggo tana barci a tsakiyar kayanta, baki a buɗe, ɗankwali ya zame, furfura a waje. Ta ɗauki hoton ta tura zaure, ta rubuta a ƙasa, saura nan. 'Yan uwa suka yi ta turo fuskokin dariya. Wani ya ce a duba da kyau kada a haɗa da Gwaggon a kwashe. Auta ya gani a gareji, ya kife wayar a kan injin mota, bai rubuta komai ba.

Ranar ɗakin Gwaggo, Yaya ta fito da safar hannu da takunkumi a hanci. Ta hana Auta fita aiki. Ta sa an fito da kujera tsakar gida, inda kututturen gwaibar yake, aka zaunar da Gwaggo a rana, kwalaye ukun a gabanta.

"Ni ba na zaluntar kowa," in ji Yaya. "Duk abin da na ɗauko zan tambaye ki. Ke za ki yanke hukunci da bakinki."

Ta fara fitowa da su. Gwangwanayen madara wankakku, an jera ƙanana a cikin manya. Kwalaben magani babu komai. Kwanoni masu fure waɗanda ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba. Takalmin makarantar Dogo, ƙafa ɗaya. Wata 'yar rigar jariri da ta koma ruwan ƙasa.

"Wannan yaushe kika yi amfani da ita?"

"Ta Auta ce. A cikinta ya yi ƙyanda, na kwana bakwai ban runtsa ba."

"Ban tambaye ki tarihi ba, Gwaggo. Bana ko bara?"

"Ke 'yar nan, ki kiyaye ni. Ni na wanke miki kashi."

"Bola," in ji Yaya, ta jefa.

Gwaggo ta yi faɗa iya ƙarfinta. Ta cire takalmi ta jefi Yaya, ya sami kwali. Ta kira maƙwabta, ba wanda ya shigo, sai dai kawuna a saman katanga. Ta ce wa Auta, "Kana tsaye kamar turke, ana tozarta ni a gidan ɗan'uwana?" Auta ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, gyara ne kawai," yana kallon ƙasa. Kafin rana ta take muryarta ta dushe. Yaya tana ɗagowa tana tambaya, ita kuma tana kawar da kai, kwalin bola yana cika ana danna shi da ƙafa.

Daga ƙarshe aka jawo wata tsohuwar adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A kulle take, makullin yana rataye a wuyan Gwaggo da baƙin zare. Da ta ga adakar sai ta miƙe tsaye, abin da ta daɗe ba ta yi ba ba tare da sanda ba.

"Wannan kam ba za a buɗe ba. Ku kwashe komai, ku bar min wannan."

"Kawo makullin."

Gwaggo ta damƙe shi a ƙirji da hannu biyu. Yaya ta dubi Auta, ya ja da baya. Sai ta dubi Amarya.

"Riƙe min hannunta."

Amarya ta daɗe tana tuna wannan lokacin daga baya. Ba wanda ya tura ta, ba wanda ya yi mata tsawa. Ta taka ta je bayan kujerar, ta kama wuyan hannun Gwaggo biyu ta janye su daga ƙirjinta. Hannun ba nauyi, kamar busasshen kara, fatar tana zamewa a kan ƙashi. Gwaggo ta yi ta fizga, sannan ta daina. Yaya ta sa almakashi ta yanke zaren.

Da murfin ya ɗaga, ƙamshin wani tsohon turare ya taso. A ciki akwai zannuwa a ninke, da shuɗin mayafi mai bakin zare, da jakar hannu, da ƙaramin madubi, da mataji wanda har yanzu akwai gashi a haƙoransa. Yaya ta tsaya cak. Ta janye takunkumin daga hancinta. Ta ɗauko mayafin ta riƙe.

"Na wa ne?" in ji Auta.

"Na uwarmu ne."

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa a tsakar gidan ya ji. Ta juya ga Gwaggo.

"Na dawo daga makaranta na tarar kin kwashe ɗakinta tas, ko tsinke babu. Na shiga ƙarƙashin gado ina neman inda ƙamshinta ya rage, kika jawo ni ta ƙafa. Kika miƙo min bokiti da tsumma kika ce in wanke daɓen. Na ce ki ba ni ko zani ɗaya, kika mare ni, kika ce wanda ya mutu ba ya ɗaura zani, duk kin bayar. Kin tuna?"

"Ubanki ne ya kasa shiga ɗakin," in ji Gwaggo. "A mota yake kwana. Shi ya ce in kwashe kada ya haukace. Waɗannan na ɓoye miki ne, na ce sai kin yi hankali."

"Na haura hamsin, Gwaggo. Yaushe zan yi hankalin?"

"Sau nawa ina ɗaukowa. Sai ki shigo ki yi min wannan kallon naki, in mayar."

"Ranar aurena ba ki ba ni ba. Ranar da aka sako ni na dawo ina kuka a wancan ɗakin, suna ƙarƙashin gadonki, ba ki ba ni ba."

Gwaggo ta miƙa hannu ta ce, "To ga su nan. Naki ne. Ki ɗauka."

Amarya ta zaci a nan abin zai ƙare, a yi kuka a rungumi juna. Yaya ta kai mayafin kusa da fuskarta, ba ta dai bari ya taɓa ta ba. Sannan ta mayar da takunkumin hancinta, ta ɗaga mayafin sama yadda ta ɗaga gwangwanayen madara.

"Yaushe aka yi amfani da shi na ƙarshe?"

"Yaya!" in ji Auta. Ya matso, hannunsa a miƙe. "Ni ban san ta ba. Ko fuskarta ban riƙe ba. Don Allah ki bar min ko mayafin."

"Ba ka san ta ba, to me za ka tuna da shi?"

Ta juye adakar gaba ɗaya a kwalin bola. Madubin ya fashe. Ta ɗauko bokitin ruwan wanke banɗaki, mai sinadarin da ke cinye launi, ta tuttule a kai a hankali, ta bi kowace kusurwa, yadda ba wanda zai iya komawa ya tsamo wani abu. Shuɗin mayafin ya fara yin fari-fari a gabansu. Auta ya fice daga gidan, bai dawo ba sai da aka yi abincin dare aka ci aka wanke kwanuka.

Aka ce za a yi wa ɗakin fenti, don haka Gwaggo ta koma sito na ɗan lokaci. Siton ƙarami ne, taga ɗaya can sama kusa da rufi. Aka sa mata gado da zani biyu da buta. Fenti ya bushe, ba wanda ya yi maganar komawa. Yaya ta tura hoton ɗakin fari fes, ba komai a ciki, 'yan uwa suka ce kai, ashe haka yake da girma.

Gwaggo ta daina zagi. Amarya ta kai abinci ba gishiri da gangan don ta ji ko za ta tanka, ta cinye ba ta ce uffan ba. Sai ta fara fita da safe da sandarta, tana bin layi tana leƙa kwata da bayan shaguna tana kiran magenta. Wata rana ta kai har juji, inda masu shara ke zubarwa, ta tsaya tana tona da sanda ko za ta ga wani abu nata. Ba ta samu ba, sai ta dawo da gwangwani biyu na wasu a ƙunshe a zani. Yaya ta zubar. Kashegari ta kawo wasu.

Rana ta uku Yaya ta bi ta a baya da waya, ta ɗauke ta hoto tana tsugune a kan juji, kaji na kewaye da ita. Wannan ba ta tura zaure ba, Dogo kaɗai ta tura wa, sannan ta kira shi ta sa wayar a fili a falo.

"Ka gani da idonka. Kanta ya taɓu. Gobe mota ta buge ta a ce mun yi sakaci. Kai a bene kake, hawa na uku, can ba ta iya saukowa."

Dogo ya ce shi bai yarda Gwaggo ta ruɗe ba, makon jiya ma sun yi magana lafiya lau. Ya ce a ba shi Auta, aka ce yana gareji. Sai ya ce, "Amarya tana kusa? Ke kike wuni da ita. Tsakaninki da Allah, ta canza?"

Amarya ta dubi ƙofar ɗakin ƙurya. A buɗe take, rana ta shigo ta taga biyun ta kwanta a daɓe.

"Gaskiya, Yaya Dogo, ta canza."

Ƙarshen makon ya turo mota. Kayan Gwaggo duka jaka ɗaya suka cika. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi sallama da kowa ba. Auta ya kama ta zai sa ta a mota yana share hawaye da hannun riga, ta ture shi ta shiga da kanta. Amarya ta zo rufe ƙofar, ta ce, "Gwaggo, Allah ya kiyaye hanya." Tsohuwar ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe hannunki da ƙarfi," ta ce. "Ni da nake ce miki mai hannun jarirai."

Motar ta tashi.

Da sassafe Amarya ta kwance keken ɗinkinta, ta jawo shi har ƙofar ɗakin ƙurya. Ta tarar da sabon kwaɗo. Yaya ta fito daga wanka ta same ta tsaye.

"Lafiya?"

"Na ce ko in shigar da keken, tunda fenti ya bushe."

"A ɗakin da na sha wahalar gyarawa? Zare da ƙyallaye da man keke?" Yaya ta yi 'yar dariya. "Ni na ce miki da keke ne a wurin da kin ga aiki. Ban ce na ba ki ba. Ni zan koma ciki, bayana ya gaji da ƙaramin ɗakin da nake kwana." Ta leƙa ta kan kafaɗar Amarya zuwa ɗakinsu, inda yara ke barci a kan tabarma tsakanin buhunan yadi. "Af, na ma manta ban sa ku a tsarin ba. Mako mai zuwa ɗakinku."

Haka kuwa aka yi. Buhunan guntayen yadin da Amarya ke haɗa zannuwan gado da su suka tafi bola. Motocin wasan yara na waya, waɗanda ubansu ya lanƙwasa musu da hannunsa, suka bi. Aka kafa dokar cewa yaro ba ya cin komai sai a tsaye a kicin, ba ya zama a kujerar falo sai ya yi wanka, Auta kuma ba ya shigowa da kayan aiki, a waje zai tuɓe. Ranar da ƙaramar 'yarsu ta yi fitsari a tsakar gida, Yaya ta ba ta tsumma ta tsaya a kanta har ta goge, yarinyar tana kuka tana kiran uwarta. Amarya tana jin ta daga ɗaki, ta rasa bakin da za ta yi magana da shi.

Ba su cika wata uku ba suka tashi. Auta ya kama ɗaki biyu a bayan garejinsu, inda ƙarar injin ba ta yankewa, baƙin mai yana malalowa har bakin ƙofa. Bai yi faɗa da yayarsa ba, bai nemi rabonsa na gidan ba, ya dai daina ambaton ta.

Gwaggo ba ta shekara a wajen Dogo ba ta rasu. Matarsa ta ce wallahi tsohuwar ba ta da matsala ko kaɗan, ba ta taɓa neman komai ba, inda aka ajiye ta da safe nan za a same ta da yamma, a kujerar bakin taga tana kallon rufin gidajen mutane. Ta ce ita ba ta ga ruɗewar da ake faɗa ba, sai dai rashin magana.

Bayan rasuwar da 'yan makonni Amarya ta koma tsohon gidan neman takardar haihuwar babban ɗanta, wadda makaranta ta nema. Tun daga ƙofar waje Yaya ta ce ta cire takalmi. Gidan fari ƙal, ba ganye ko ɗaya a ƙasa, ba motsin komai. An cire labulaye saboda ƙura, an rufe kujerun falo da leda. Yaya ta rame, hannayenta sun yi ja sun tsattsage saboda sabulu.

Takardar tana nan, a cikin leda, a durowar da aka ware wa takardu. Yaya ta miƙa mata, sannan ta tsaya tana murza yatsu.

"Ki zauna mana ki sha shayi. Ba mai zuwa yanzu."

Amarya ta bi ta kicin don kunya. Yaya ta dafa ruwa, ta buɗe kabad. Kofi ɗaya ne a ciki, da faranti ɗaya, da cokali ɗaya. Sauran an shekara ba a taɓa su ba, ko an kusa.

"Ki fara sha," in ji Yaya. "In kin gama ki wanke, sai ni ma in sha."

Amarya ta ce ta gode, ta bar yara su kaɗai, ga ɗinkin mutane yana jira. Yaya ba ta matsa ba. Ta rako ta har tsakar gida, ta tambayi lafiyar Auta, Amarya ta ce lafiya lau, ta ce a gaishe shi, Amarya ta ce zai ji. Tana sunkuye a bakin ƙofa tana sa takalmi ta ji ƙarar tsintsiya a bayanta. Ta waiwaya. Yaya ce ke bin inda ta taka tana sharewa, tun ba ta gama fita ba.